Yadda Ake Gyara Manifol na Inji Mai Silinda Shida a Jere Don Ɗora Masa Babban Kafireto

Wannan bayani na injin fetur ne mai silinda shida a layi ɗaya wanda har yanzu yake aiki da kafireto. Manifol shi ne bututun da ke raba iska da mai daga kafireto zuwa silindu. Zan yi misali da injin 2F na Toyota Land Cruiser, wanda aka fara sakawa a 1975, domin shi ne muka fi haɗuwa da shi a garejojinmu daga Kano har Agadez. Amma hanyar ɗaya ce ga 3F, da TB42 na Nissan Patrol, da 258 na Jeep, da 250 na Chevrolet.

Kayan aiki

Sifana da sokat, sukudireba, bayis mai ƙarfi, injin huda (wanda ke tsaye a kan teburi ya fi), ƙaramar giranda mai ɗaukar haƙorin kabaid, magagari mai faɗi da mai zagaye, ma'aunin baniya, fila geji, ƙarfen awo miƙaƙƙe, ma'aunin ruwa irin na magina, tab na yanka zare M8 da bakin huda na 6.8mm, sanfefa mai lamba 80 da 180, gilashi mai kauri, agogon auna zuƙar iska, agogon auna matsin mai, da tabarau na kare ido. Ka ajiye abin kashe gobara ko bokitin yashi kusa da kai. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.

Kayan da za a saya

Sabon kafireto da gaskit ɗinsa guda biyu ko uku. Farantin alminiyom mai kaurin 15 zuwa 20mm. Sitod M8 guda huɗu da noti da wosha. Ƙusoshin alinki masu binnannen kai. Faifan hana zafi na ƙarƙashin kafireto. Takardar gaskit mai jure fetur. Sabon gaskit ɗin manifol. Tiyon mai, kilif, filtar mai, abin rage matsin mai, sifirin biyu na mayar da totur, da gam ɗin kulle zare.

In da hali, ka nemi manifol na biyu a kasuwar tsofaffin kaya, irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka yi aikin a kansa. Na asali da kafiretonsa ka ajiye su a kwali. Ƙarfen da ka ci da giranda ba ya dawowa, kuma mai mota zai iya cewa a mayar masa da ita yadda take.

1. Ka lissafa iskar da injin ke iya sha

Nan ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace tun kafin a taɓa sifana. Kafireto ba ya tura wa inji iska, injin ne ke zuƙa. Kuma gudun iskar da ke ratsa maƙogwaron kafireto shi ke janyo mai daga jet, wato ɗan ramin da mai ke fitowa, ya farfasa shi. In maƙogwaron ya yi wa injin faɗi, iska za ta riƙa tafiya a hankali, mai ya zuba ɗigo-ɗigo, motar ta riƙa shaƙewa duk sanda aka taka totur daga tsaye.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Inji mai bugu huɗu yana cika silindarsa sau ɗaya a kowane juyi biyu. 2F lita 4.23 ne. A juyi 4,000 a minti, ka ninka 4.23 sau 2,000, ka sami lita 8,460. Tsohon inji irin wannan ba ya cika silinda fal, ka ɗauki kashi 80 cikin ɗari, ya zama lita 6,768 a minti. Masu ƙera kafireto da ma'aunin CFM suke rubutawa, wato kubik ƙafa na iska a minti, don haka ka raba da 28.3, yawan litar da ke cikin kubik ƙafa ɗaya, ka sami kusan 240. Wannan ita ce buƙatar injin, kuma 2F yana ba da cikakken ƙarfinsa, doki 135, tun a juyi 3,600.

Akwai abin da ke ruɗa masu saye. Ba da matsi ɗaya ake gwada kafireto mai maƙogwaro biyu da mai huɗu ba. In kana son kwatanta su, ka raba lambar mai biyu da 1.41. Kafireton Holley 500 mai maƙogwaro biyu daidai yake da kusan 355 a ma'aunin mai huɗu. Ga 2F da ba a taɓa cikinsa ba, ni Weber 38 DGAS ko Holley 350 nake ba da shawara. Wanda ya ɗora masa mai maƙogwaro huɗu na 600 da aka ciro daga V8, ya sayi shan mai ne kawai.

Abu ɗaya kuma kafin ka kashe kuɗi: ka tabbata ba tsufa ke damun kafireton asali na Aisan ba. Sau da yawa maƙogwaronsa na biyu ne ya daina buɗewa, kuma gyaransa ya fi sauyi araha nesa ba kusa ba. Sauyin kafireto ya fi biya idan an riga an buɗe hanyar hayaƙi ko an sauya kamshaf.

2. Awo kafin kwancewa

Ka tsayar da motar a daɓe shimfiɗaɗɗe wanda bai karkata ba. Cire kan batir. Ɗauki hoton kowane tiyo da waya da inda ya shiga, ka liƙa musu lamba.

Cire tsohon kafireto, ka aza ma'aunin ruwa a mazauninsa, gaba da baya, sannan gefe da gefe. A yawancin motocin nan injin yana ɗan rusunawa ta baya, sai aka karkata mazaunin kafireto don ya zauna a miƙe. Ka rubuta abin da ka gani, domin sabon ma haka zai zauna, in ba haka ba man da ke cikin kwanonsa zai kwanta gefe ɗaya.

Sai tsayi. Ka ɗora sabon kafireto da farantin da gidan filtar iska haka nan ba ɗauri, ka sa ƙwallon laka a sama, ka sauke bonet a hankali. Kaurin lakar da ta baje shi ne sararin da ya rage. Ka bar aƙalla 20mm, saboda inji yana girgiza a kan kujerunsa.

3. Fitar da manifol da duba lafiyarsa

Kada ka taɓa yin huda ko gurza alhali manifol yana jikin inji, ko da ka cusa tsumma. Ɓarɓashin ƙarfe zai sami hanya ya shiga silinda, kuma a ringi da bawul za ka ga sakamakon.

A 2F manifol ɗin shiga da na hayaƙi suna gefe ɗaya, a haɗe da juna, suna kuma tarayya a gaskit ɗaya. Ka jiƙa notocin da man kwance tsatsa tun daren jiya, ka sassauta daga gefuna zuwa tsakiya, ka ciro su tare. Toshe ramukan kan silinda da tef. A kan teburi sai ka raba su.

Yanzu duba ƙasan manifol ɗin shiga, daidai ƙarƙashin mazaunin kafireto. Na 2F alminiyom ne, kuma akwai wani murfi a cikin na hayaƙi mai juyo zafi zuwa wannan wuri lokacin da inji yake da sanyi. Idan murfin ya maƙale a buɗe, wuta ta yi ta dukan alminiyom ɗin har ya tsage. Tsagar kan ɓuya a ƙarƙashin baƙin hayaƙi. Ka wanke wurin sosai, ka shafa alli a waje, ka zuba kananzir a ciki, ka jira rabin awa. In akwai tsaga za ka ga layin danshi a jikin allin. Manifol mai tsaga a yi masa walda tukuna ko a sake wani, don babu saitin da zai zauna a kansa.

4. Yadda kafireton zai fuskanta

Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa, alhali a inji mai shida a jere ya fi ko'ina muhimmanci. Manifol ɗin dogo ne, kafireto na tsakiya. Silinda ta 3 da ta 4 na kusa, ta 1 da ta 6 na can nesa, don haka tun asali na gefe sukan sami mai kaɗan. Kada ka ƙara wa wannan rashin adalci nauyi.

Ƙa'idar ita ce sandar da faifan totur ke juyawa a kanta ta kwanta a tsawon injin, layi ɗaya da karanshaf. Idan ta gitta, faifan da ya buɗe rabi zai karkatar da mai zuwa silindu uku na gaba ko na baya, sauran ukun su zauna da ƙishirwa. A Weber wannan na nufin maƙogwaron biyu suna gefe da gefe a faɗin injin, kwanon mai yana kallon lagireto, hannun totur yana baya. A Holley mai maƙogwaro biyu sanda ɗaya ce ta ratsa duka biyun, saboda haka maƙogwaron za su jeru gaba da baya, kuma ba laifi tunda tare suke buɗewa.

Sannan tsakiyar kafireto ta dace da tsakiyar ramin manifol. Ka ja layi biyu masu gittawa a kan mazaunin, duk awon da zai biyo baya daga nan za ka fara shi.

5. Ƙera farantin haɗi

Farantin yana da fuska biyu: ta sama ta dace da sabon kafireto, ta ƙasa ta dace da manifol. Ka ja layukan tsakiya a fuskokin biyu. Aza sabon gaskit a sama ka zana ramukan maƙogwaro da na sitod. Juya farantin, aza tsohon gaskit ka zana nasa. Kowace huda ka fara buga mata alama da fanc, sannan ƙaramin baki, sannan babba.

Ramukan sitod ɗin kafireto ka huda su da 6.8mm ka yanka zaren M8, kana ɗiga kananzir, kana komawa baya kaɗan bayan kowane juyi don tsinke ɓarɓashi. A alminiyom zare na son zurfin 12mm ko fiye, shi ya sa ba na son siririn faranti. Tab ɗin ya shiga a miƙe. In ba ka da injin huda na tsaye, ka huda rami miƙaƙƙe a guntun katako mai kauri ka mai da shi jagora.

Ramukan da za su riƙe farantin a manifol galibi suna faɗowa ƙarƙashin gindin sabon kafireto. Nan za ka cire tsofaffin sitod ka sa ƙusoshin alinki, ka yi wa kawunansu gurbi su nutse ƙasa da fuskar farantin. Ka kiyaye abu guda: kada ka sa ƙusa ko noti a inda in ya kwance zai faɗa cikin hanyar iska.

Ramin tsakiya kuwa ka yi masa hudoji jere a cikin layin da ka zana, ka fasa tsakaninsu, ka gyara da magagari. Daga faɗin sama zuwa na ƙasa ya gangara a hankali, babu tudu, babu mataki. In kana da mai injin fere ƙarfe a kusa, kai masa zanen, awa ɗaya ta ishe shi, aikin kuma zai fi tsabta.

Ka ɗora kafireton a kan farantin, ka buɗe totur har ƙarshe da hannu. Faifan yana sauka ƙasa da gindin kafireto idan ya buɗe, kuma in ya taɓa farantin ko gaskit zai iya maƙalewa a buɗe a kan titi.

6. Faɗaɗa bakin manifol

Faranti kaɗai a kan ƙaramin rami ba ya ƙara komai, iskar za ta sake matsewa a ƙasa. Ka ɗaura farantin a manifol, ka zana iyakar da za ka kai. Sannan ka auna kaurin bangon ta kowane gefe da baniya ko lanƙwasasshiyar waya. Ka bar fili aƙalla 6mm zagaye da ramin inda gaskit zai kwanta, kuma kada bango ya gaza 4mm. In manifol ɗinka mai hanyar ruwan zafi ne a jiki, ka gano inda ta bi tun kafin ka kunna giranda. In faɗin da kake so bai samu ba, ka tsaya inda ƙarfen ya ba ka, gangaren farantin ya ɗauke sauran.

Alminiyom yana toshe dutsen giranda. Yi amfani da haƙorin kabaid mai manyan tsaga, kana shafa masa kyandir ko kananzir. Ci kaɗan, tsaya, aza farantin ka duba, sake ci.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne leɓen ƙasa na ramin, wurin da iska ke saukowa ta karya kwana zuwa gaba da baya. In wurin yana da kaifi, iska na rabuwa da bango, mai ya daki ƙasan manifol ya kwanta. Ka zagaye wannan leɓe, kuma zagayen gaba da na baya su zama iri ɗaya. Ɗan yatsanka zai gaya maka abin da ido bai gani ba. Riba mai yawa a wannan aiki daga wannan leɓen take fitowa.

Kada ka goge cikin har ya yi sheƙi. Sanfefa 80 ta isa. Bango mai ɗan kaushi yana taimaka wa man da ya kwanta ya sake tashi cikin iska.

7. In faranti ba zai yiwu ba: walda

Wani lokaci ramukan sun hau kan juna, ko bonet bai bar tsayi ba. Sai a yanke tsohon mazaunin a yi waldar sabon faranti mai kaurin 12mm ko fiye. A alminiyom wannan aikin mai waldar agon ne, da sandar 4043. Tsohon manifol ya sha mai shekara da shekaru, don haka a gasa shi man ya fito, a goge da buroshin silba, a ɗumama shi zuwa wajen digiri 150. A ɗaure shi a jikin tsohon kan silinda ko ƙarfe mai kauri yayin walda don kada ya lanƙwashe, a kuma kiyaye karkatar da ka auna a mataki na 2.

Manifol na ƙarfen zubi, irin na Chevrolet 250, ban ba ka shawarar walda a kansa ba. Ana yi da sandar nikel da ɗumamawa da binnewa cikin yashi ya huce a hankali, amma yana yawan tsagewa daga baya. Faranti ya fi. Ƙananan injunan Ford na 170 da 200 kuwa manifol ɗinsu a haɗe aka zuba shi da kan silinda, dole a sauke kan gaba ɗaya a kai wa mai fere ƙarfe.

8. Daidaita fuska da wanki

Aza ƙarfen awo a kowace fuska, tsaye da gicciye da kusurwa. In fila geji na 0.05mm ya shige ƙarƙashi a mazaunin kafireto, sai gyara. Liƙa sanfefa 180 a gilashi, shafa wa fuskar tawadar maka, ka riƙa gogawa kana zana lamba 8 har makar ta goge ko'ina.

Ga 2F, ka haɗa manifol biyun, ka duba fuskarsu ta wajen kan silinda a matsayin abu ɗaya. In ɗaya ya fi ɗaya tudu, a kai su a fere su tare a haɗe. Murfin zafin nan kuma ya riƙa motsi da yatsa. In ya mutu, ka sa faifan silba tsakanin manifol biyun ya tare wutar, zafin da ke bi ta jikin ƙarfe zai wadatar a ƙasarmu. Amma kada ka raba manifol da ɗumi gaba ɗaya. Babban kafireto ya fi ƙarami buƙatarsa, kuma da safiyar hunturu za ka gane hakan.

Wanke da ruwan zafi da omo da buroshin kwalba, hura iska, sake wankewa har farin tsumma ya fito fari.

9. Haɗawa

Mayar da manifol da sabon gaskit, ɗauri daga tsakiya zuwa gefuna, sau biyu ko uku, gwargwadon abin da littafin injin ya faɗa. Sai gaskit, faranti da gam ɗin kulle zare a ƙusoshinsa, gaskit, faifan hana zafi, gaskit, kafireto. Kada ka shafa silikon a nan. Fetur na narkar da shi, guntayensa su toshe hanyoyi. Faifan hana zafi kuma ba ado ba ne: kafireto na zaune a saman manifol ɗin hayaƙi, kuma a zafin Maiduguri ko Zinder man cikin kwanonsa tafasa yake idan an kashe mota, ta ƙi tashi sai ta huce. In ba ka samu na kanti ba, yanka shi daga allon bakalait mai kaurin 6 zuwa 10mm.

Notocin kafireto a ɗaure su gicciye, da gajeren sifana. Ƙarfin tsiya na lanƙwasa gindinsa ya jawo yoyon iska.

Totur: inji a kashe, wani ya taka feda har ƙasa, kai ka duba faifan ya miƙe tsaye ba tare da wayar ta ja shi fiye da iyaka ba. Ya saki, faifan ya koma da kansa. Sifirin biyu, kowanne da wurin maƙalawarsa.

Mai: Weber yana son matsi wajen 3 psi, Holley 5 zuwa 7. Ka auna abin da famfonka ke bayarwa, in ya yi yawa ka sa abin ragewa. Tiyo ya bi nesa da manifol ɗin hayaƙi, kilif a kowane baki.

Tiyon zuƙa: na birki da na numfashin inji suna komawa jikin manifol. Na distirbuta yana zuwa ƙaramin bakin da ke jikin kafireto, wanda ba ya zuƙa a silo, wato lokacin da inji ke aiki ba a taka feda ba, sai an taɓa totur. Duk bakin da ya rage a toshe shi.

Filtar iska: ƙaramar filtar nan mai ƙyalli da ke zuwa da Weber ba ta ƙurar ƙasarmu ba ce. Ka sa mai walda ya gyara bakin gidan filta na asali ya hau sabon kafireto.

10. Tayarwa da saiti

Saita bawul da tayimin tukuna, ka duba wayoyin fulogi suna bin 1-5-3-6-2-4. Kafireto ba ya gyara laifin wuta. Duba tsayin fulot, abin da ke yawo a kwanon mai yana daidaita yawansa. Ga 38 DGAS, fara da sukurorin haɗin mai juyi ɗaya waje, sukurun silo kuma kada ya wuce rabin juyi bayan ya taɓa hannun totur.

Tayar, ka fara duba yoyon mai. Inji ya ɗau zafi, sai ka haɗa agogon zuƙa a manifol. Lafiyayyen inji yana nuna 17 zuwa 21 a ma'aunin inci, allura a tsaye. A tudu irin Jos zai ragu da kusan 4, kuma a can jet zai so ya zama ƙarami kaɗan. Fesa ruwa a kowace mahaɗa, in sautin inji ya sauya akwai yoyon iska. Kada ka yi wannan gwajin da fetur a saman hayaƙi mai zafi.

Juya sukurorin haɗin mai kaɗan-kaɗan, duka biyun daidai da juna, har ka sami silo mafi santsi da allura mafi sama, sannan ka sauke silo zuwa wajen juyi 650 a minti. In sai ka fitar da su nesa kafin injin ya daidaita, jet ɗin silo ya yi ƙanƙanta. In kuwa sai sun kusa rufewa, ya yi girma.

A kan hanya, atishawa ta bakin kafireto da jinkiri wajen ɗaukar wuta alamar ƙarancin mai ne. Baƙin hayaƙi da nauyin jiki alamar yawansa ne. Lambar jet ɗin Weber faɗin raminsa ce, 145 na nufin 1.45mm, kuma biyar-biyar ake hawa ko sauka. Sauya abu ɗaya, gwada, rubuta. Kada ka faɗaɗa jet da waya ko allura, ramin ba zai fito daidai ba kuma lambar da ke jiki ta zama ƙarya ga wanda zai taɓa motar bayanka.

Bayan tafiya mai ɗan nisa da sababbin fulogi, kashe injin ba tare da barinsa ya daɗe a silo ba, ka ciro duka shidan ka jera su bisa tsari. Ruwan ƙasa mai haske ake nema. Da na 1 da na 6 za ka zaɓi jet, ba da na tsakiya ba: in sun yi fari fat, ƙara mai ko da na 3 da na 4 za su ɗan yi duhu, domin silinda mai ƙishirwa ita ke ƙona bawul. In uku na gaba sun bambanta da uku na baya sosai, koma mataki na 4 da na 6, matsalar ba ta jet ba ce. Inji ya yi zafi ya huce sau biyu ko uku, sai ka sake bin notocin manifol da na kafireto, domin sabon gaskit yana kwanciya.